HBO da Kallo ta Intanet: Nazarin Tashar da Aka Nemi Ta Yawaita, Ta Koma Dogaro da Inganci

Tashar HBO ta Amurka ta shafe kimanin shekara 40 tana cin riba da tsari mai sauƙin fahimta. Ba ta sa talla, kuma ba a kama ta kyauta. Mai gida ne yake ƙara wasu daloli kowane wata a kan kuɗin da yake biyan kamfanin kebul ko na tauraron ɗan adam domin a buɗe masa ita. Da kallo ya koma intanet sai wannan tsari ya fara tsattsagewa, kuma tsakanin 2010 da 2025 tashar ta fito da manhajojin kallo daban-daban, ta sauya iyayen gida sau biyu, aka cire sunanta daga kan manhajarta, daga baya aka mayar. Abin da ya sa lamarinta ya cancanci nazari shi ne, a duk tsawon wannan faɗi-tashi tambaya ɗaya ce ake ta kai ruwa rana a kanta: shin tashar da sunanta ya ginu a kan shirye-shirye kaɗan masu kyau za ta iya rayuwa a kasuwar da ake auna nasara da yawan sa'o'in da mutum ya kwashe yana kallo?

HBO ta fara watsa shiri ranar 8 ga Nuwamba, 1972, ga gidaje 365 a garin Wilkes-Barre na jihar Pennsylvania. A 1975 ta hau tauraron ɗan adam da damben Muhammad Ali da Joe Frazier da aka yi a Manila, daga nan kamfanonin kebul na kowane lungu na Amurka suka samu damar ɗaukar ta. Shekarunta na farko finafinan sinima da dambe da wasan barkwanci ne jarinta. Sai da bidiyon haya ya cika gari, finafinai suka daina zama abin da sai a HBO ake gani, sannan ta juya ga shirya nata shirye-shirye masu dogon zango: Oz a 1997, The Sopranos a 1999, The Wire a 2002, har zuwa Game of Thrones da aka fara a 2011, wanda masu DStv a nahiyarmu suka kalla ta tashar M-Net.

Ya kamata a tsaya a fahimci dalilin da ya sa waɗannan shirye-shirye suka fito daga HBO maimakon manyan tashoshin kyauta irin su NBC da CBS, domin a nan tushen maganar yake. Tashar da take rayuwa da talla tana sayar wa kamfanoni idon mai kallo ne, saboda haka kowane shiri dole ya tara jama'a masu yawa a daren da aka nuna shi, dole a yanka shi gida-gida domin a cusa talla, kuma dole ya guji duk abin da zai ɓata wa mai talla rai. HBO kuwa mai kallo kawai take wa aiki. Ba ta buƙatar kowa ya so kowane shiri. Abin da take buƙata shi ne kowane gida ya samu shiri ɗaya ko biyu da yake ƙauna har ya ga ba zai iya rabuwa da tashar ba. Wannan ne ya ba ta damar riƙe The Wire har zango biyar duk da cewa masu kallonsa ba su taɓa yawa ba lokacin da ake nuna shi. Bugu da ƙari, dokokin hukumar sadarwa ta Amurka game da kalamai da hotuna marasa dacewa sun fi ɗaure tashoshin da ake kamawa kyauta, don haka marubuta suka samu sararin da ba su da shi a wani wuri.

Akwai kuma wani ɓangare na tsarin da ba a cika ambatonsa ba, alhali shi ne ya riƙe komai. Kamfanin kebul ne yake tallata HBO, shi yake karɓar kuɗi, shi yake amsa ƙorafi, ya ɗauki kaso mai tsoka ya miƙa mata sauran. Kuɗin HBO layi ɗaya ne a cikin doguwar takardar biyan wata, kuma wanda yake son a cire masa ita sai ya buga waya, ya jira a layi, ya saurari ma'aikacin da aka horar domin ya lallashe shi ya zauna. Mutane da yawa ba sa ɗaukar wannan wahala, sai su ci gaba da biya ko a watannin da babu sabon abin kallo. Kuɗin waɗannan watanni na shiru su ne suke ba tashar haƙurin jiran marubuci ya gama aikinsa. A 2017 kuɗin shigar HBO ya haura dala biliyan 6, ribarta kuma ta haura biliyan 2.

Lokacin da Netflix ta fara girma, shugabannin Time Warner, kamfanin da ya mallaki HBO a wancan zamani, ba su ɗauke ta da muhimmanci ba. A ƙarshen 2010 shugaban kamfanin, Jeff Bewkes, ya kwatanta ta da rundunar sojan Albaniya, yana tambaya ko irin wannan runduna ce za ta ci duniya da yaƙi. A shekarar ce HBO ta fito da manhajar HBO Go, wadda ba ta buɗuwa sai ga wanda yake biyan kuɗin tashar ta hannun kamfanin kebul. Ba rashin sanin inda duniya ta dosa ne ya jawo haka ba. Tashar tana tsaka mai wuya ne: idan ta sayar wa mai kallo kai-tsaye, ta tsokano kamfanonin da suke kawo mata kusan duk kuɗinta, waɗanda kuma suke ɗaukar sauran tashoshin Time Warner irin su CNN da TNT, idan ta tsaya, matasan da ba su taɓa sa kebul a gidajensu ba za su girma ba tare da ita ba, ko kuma su riƙa kallon shirye-shiryenta ta hanyar sata, kamar yadda Game of Thrones ya yi shekaru yana kan gaba a jerin shirye-shiryen da aka fi saukewa ba bisa ƙa'ida ba.

Netflix ba ta jira ba. Ta kayar da tashoshin da suka nemi House of Cards, ciki har da HBO, ta hanyar yin alkawarin zango biyu gaba ɗaya ba tare da an fara ɗaukar kashin gwaji ba, sannan a watan Fabrairun 2013 ta saki kashi 13 na zangon farko a rana ɗaya. A wannan lokaci ne Ted Sarandos, mai kula da shirye-shiryenta, ya faɗi cewa burinsu shi ne su zama HBO kafin HBO ta zama su. Sai a watan Oktoban 2014, watanni kaɗan bayan Time Warner ta ƙi tayin dala biliyan 80 da Rupert Murdoch ya yi na saye ta, shugaban HBO Richard Plepler ya sanar cewa za a sayar da tashar ga wanda ba shi da kebul. HBO Now ta fito a watan Afrilun 2015 a kan dala 14.99 a wata. Ba a iya sauko da farashin ba, domin yin haka zai karya kasuwar kamfanonin kebul. Ko injin da manhajar take tafiya a kansa ma, kamfanin fasaha na hukumar wasan ƙwallon gora (baseball) ta Amurka aka ɗauko ya gina, bayan HBO Go ta tsaya cak a wasu manyan darare na 2014 saboda cunkoson masu kallo. Wannan ya nuna cewa iya zaɓar labari da iya isar da shi ga miliyoyin wayoyi a lokaci ɗaya sana'o'i biyu ne, kuma ɗaya kawai HBO ta ƙware a kai.

Babban sauyi ya zo a watan Yunin 2018, da kamfanin sadarwa na AT&T ya kammala sayen Time Warner a kan kimanin dala biliyan 85. 'Yan kwanaki bayan haka sabon shugaban sashen, John Stankey, ya zauna da ma'aikatan HBO a hedikwatarsu ta New York, Plepler yana gefensa, kuma jaridar New York Times ta samu faifan abin da aka faɗa. Stankey ya shaida musu cewa sa'o'i kaɗan a mako ko a wata ba za su isa ba, ana buƙatar mutane su kalli HBO sa'o'i a kowace rana, domin gasarsu yanzu da wayar da take hannun mutum ce. Da ya ce dole a ƙarshe a samu kuɗi, Plepler ya amsa cewa ai suna samu, Stankey ya ce haka ne, amma bai isa ba. A watan da ya biyo baya Netflix ta samu gurbi 112 a jerin masu takarar lambar yabo ta Emmy, HBO ta samu 108, karo na farko cikin shekara 17 da wani ya sha gabanta. A watan Fabrairun 2019 Plepler ya ajiye aiki, bayan kusan shekara 28 a tashar.

A ganina Stankey ya gano ciwon daidai, maganin da ya rubuta ne yake da matsala. Gaskiya ne cewa a intanet babu wancan ma'aikaci mai lallashi. Mutum yana danna waya sau biyu ya daina biya ranar da shirin da yake bi ya ƙare, ya dawo bayan shekara idan sabon zango ya fito. Manhaja tana buƙatar abin da zai riƙe mutum a ranakun da babu babban shiri. Amma ingancin HBO ya fito ne daga 'yan mutane kaɗan masu karanta rubutu da yawa su ƙi mafi yawansa, masu iya zubar da aikin da aka kashe wa kuɗi idan bai yi ba. Kashin gwaji na Game of Thrones kusan gaba ɗayansa aka sake ɗauka, kuma a 2019 an ɗauki kashin gwaji na wani shiri da ya shafi tarihin da ya gabace shi, Naomi Watts tana ciki, aka duba aka ajiye shi ba a nuna wa kowa ba. A ce wa irin wannan wuri ya ninka abin da yake fitarwa daidai yake da a ce wa maɗinkin da yake wata guda a kan aikin babbar riga ɗaya ya riƙa fitar da goma a mako, kuma kada hannunsa ya canja.

Hanyar da AT&T ta bi ita ce ta bar HBO a tsakiya ta kewaye ta da kaya. HBO Max ta fito ranar 27 ga Mayu, 2020, da finafinan Warner Bros., kamfanin finafinai na Time Warner, da zane-zanen yara, da tsofaffin shirye-shiryen barkwanci irin su Friends, wanda aka ruwaito an biya dala miliyan 425 domin a ƙwato shi daga Netflix. Fitowar ta zo da ruɗani, domin a lokaci ɗaya akwai HBO da HBO Go da HBO Now da HBO Max, kuma manhajar ba ta hau na'urorin Roku da na Amazon, waɗanda ake haɗa talabijin da intanet da su, ba sai ƙarshen shekara. Domin a jawo masu rajista, shugaban kamfanin na lokacin, Jason Kilar, ya sanar a watan Disamba cewa duk finafinan Warner Bros. na 2021 za su fito a manhajar a ranar da suka shiga sinima. Masu rajista sun ƙaru, amma daraktoci da 'yan wasa da yawa sun ji labarin ne a jarida, kuma Christopher Nolan, wanda ya yi kusan shekara 20 yana aiki da kamfanin, ya kai fim ɗinsa na gaba kamfanin Universal. A watan Yunin 2021 kuma aka fito da rukuni mai rahusa na dala 9.99 mai ɗauke da talla, abin da sunan HBO bai taɓa haɗuwa da shi ba.

AT&T ba ta yi shekara huɗu cur ba ta saki kamfanin. A watan Afrilun 2022 aka haɗe shi da kamfanin tashoshin talabijin na Discovery, suka zama Warner Bros. Discovery a ƙarƙashin David Zaslav, da bashin da ya kai kimanin dala biliyan 50 a wuyansa, daidai lokacin da Netflix ta sanar da raguwar masu rajistarta karo na farko cikin fiye da shekara goma, masu hannun jari kuma suka daina tambayar yawan masu kallo suka koma tambayar riba. Abin da ya biyo baya tsuke bakin aljihu ne mai zafi. An ajiye fim ɗin Batgirl da aka kashe wa kimanin dala miliyan 90 ba tare da an fitar da shi ba, an cire shirye-shirye da dama daga manhajar har da Westworld, wanda HBO ta taɓa alfahari da shi, sannan a 2023 aka ba Netflix hayar wasu tsofaffin shirye-shiryen tashar irin su Band of Brothers da Six Feet Under. A ranar 23 ga Mayu, 2023, aka cire HBO daga sunan manhajar, ta zama Max kawai, aka zuba mata shirye-shiryen Discovery na girke-girke da gyaran gida da rayuwar yau da kullum. Hujjar shugabannin ita ce, iyaye ba sa ganin HBO a matsayin wurin da za su bar 'ya'yansu, kuma bai kamata a ɗora wa sunan kayan da ba nasa ba. Hujja ta biyu tana da ƙarfi. Ta farko kuwa ta nuna cewa har lokacin ana son a zama komai ga kowa, filin da Netflix da YouTube suka riga suka mamaye da kuɗin da Warner ba shi da shi, tunda a wancan lokaci Netflix kaɗai tana kashe kimanin dala biliyan 17 a shekara a kan shirye-shirye.

Abin lura a duk wannan hargitsi shi ne, ɗakin da ake zaɓar shirye-shirye bai rushe ba. Casey Bloys, wanda ya karɓi ragamar shirye-shiryen HBO a 2016, ya zauna a kujerarsa a zamanin Time Warner da AT&T da Discovery, tare da mataimakan da suka daɗe a wurin, kuma daga hannunsu Succession da Chernobyl da The Last of Us suka fito. The White Lotus ma ƙuncin annobar korona ne ya haife shi, domin an nemi labarin da za a iya ɗauka a wuri ɗaya, aka killace 'yan wasa a otal guda a tsibirin Maui a ƙarshen 2020. Sun kuma riƙe al'adar sakin kashi ɗaya kowane daren Lahadi maimakon zubar da zango gaba ɗaya, wanda yake sa mutane su yi mako suna muhawara, kuma mai biya ya zauna wata biyu ko uku maimakon kwana biyu. Ba kullum suke dacewa ba: Vinyl a 2016 da The Idol a 2023 sun ci kuɗi sun mutu a zango ɗaya, kuma tun da can HBO ta bar Mad Men ya tafi tashar AMC. Sai dai kuskuren wanda yake zaɓa da hannu yakan tsaya a shiri ɗaya, ba ya taɓa amanar da mai kallo ya ba sunan.

Sauran tashoshin biya ba su samu irin wannan kariya ba. An narkar da Showtime a cikin Paramount+ a 2023, Cinemax ta daina shirya nata shirye-shirye, Starz kuma ta rabu da Lionsgate a 2025 ta tsaya ita kaɗai a matsayin ƙaramin kamfani. Tashar FX ce ta bi hanyar da ta yi kama da ta HBO, ta riƙe shugabanta John Landgraf da ɗanɗanonta a cikin manhajar kallo ta Hulu, har Shōgun ya ci lambar Emmy 18 a 2024. Ƙididdigar da FX take fitarwa ta nuna cewa shirye-shiryen da aka rubuta aka shirya a Amurka sun kai kimanin 600 a 2022, suka sauko zuwa 516 a 2023.

A watan Mayun 2025 Warner Bros. Discovery ya sanar cewa za a mayar da sunan HBO Max, aka kuma aiwatar ranar 9 ga Yuli. Bayanin da kamfanin ya bayar shi ne, masu kallo ba ƙarin abin kallo suke nema ba, mafi kyau suke nema, kuma manhajar ba za ta ƙara ƙoƙarin zama komai ga kowa a gida ba. Kafin nan an riga an fara rage kayan yara, har aka saki Sesame Street, wanda daga baya ya koma Netflix. Alƙaluma sun goyi bayan matakin: sashen kallo ta intanet, wanda ya yi asara mai yawa a 2022, ya samu ribar dala miliyan 677 a 2024, masu rajista sun kai kimanin miliyan 125 a tsakiyar 2025, kuma a shekarar HBO da manhajarta sun samu gurbi 142 a takarar Emmy, mafi yawa a tarihinsu.

Duk da haka ban ɗauki mayar da sunan a matsayin warware matsalar ba, domin abin da Stankey ya nuna yana nan. Manyan shirye-shirye sun yi tsada kuma suna jinkiri: shekara biyu ce tsakanin zangon farko da na biyu na House of the Dragon, haka ma The Last of Us, kuma babu abin da zai hana mai kallo tafiya a tsakani. Martanin kamfanin ya zo ta fuska biyu. Ta farko ita ce komawa ga haɗa kaya a dunƙule, kamar kunshin Disney+ da Hulu da Max da aka fito da shi a watan Yulin 2024, da yarjejeniyar da ta sa kamfanin kebul na Charter yake ba abokan cinikinsa manhajar a cikin kuɗin watansu, wato ana sake gina wancan tsari da yake sa fita ta yi wuya. Ta biyu ita ce The Pitt, shirin asibiti mai kashi 15 da aka fara a watan Janairun 2025, wanda ake ɗauka kusan a wuri ɗaya da dala miliyan 4 zuwa 5 a kowane kashi, aka tsara ya riƙa dawowa duk shekara, kuma ya ci lambar Emmy ta shirin da ya fi kowanne a rukuninsa. Wannan shiri ya fi sauya suna muhimmanci a wurina, domin ya nuna ana iya samun inganci a farashin da za a iya maimaitawa.

Abin da ya rage a wuyan HBO ba daga ɗakin shirye-shiryenta yake ba. Tsofaffin tashoshin kebul na kamfanin suna ta zubar da masu kallo, har a watan Agustan 2024 aka rage darajarsu a littafi da dala biliyan 9.1, a watan Yunin 2025 kuma aka sanar da shirin raba kamfanin gida biyu domin a ware HBO da Warner Bros. daga gare su. A watan Disamban 2025 Netflix ta sanar da yarjejeniyar sayen wannan ɓangare a kan kimanin dala biliyan 72, kwanaki kaɗan bayan haka Paramount ta kai wa masu hannun jari nata tayin na sayen kamfanin gaba ɗaya. Duk wanda HBO ta zauna a hannunsa zai gaji ƙaramin rukunin masu zaɓar labari, da daren Lahadi, da masu biyan kuɗin wata waɗanda za su iya fita da danna waya, sannan zai yanke hukuncin da AT&T da Discovery suka yanke kafinsa, na yawan shirye-shiryen da zai nema daga wannan rukuni a shekara da kuma tsawon lokacin da zai ba su.